Ruwan da ke raya kurmi shi ke wanke ƙasarsa

Mutanen Adar sun san kurmi da ƙafa. Shekara da shekaru samari na tashi daga Tahoua, Keita, Bouza da Illela zuwa Abijan, Kwatano, Lome da Akra, kuma motocin albasar Galmi sun daɗe suna bin waɗannan hanyoyi. Amma akwai wata fahimta da ta zauna a zukatan jama'a wadda ya kamata a warware ta: cewa inda daji ya yi duhu, ganye ya yi shar, to ƙasar wurin ta fi tamu ƙarfi nesa ba kusa ba, abin da ka jefa sai ya fito. Gaskiyar magana, yawancin ƙasar kurmin bakin teku matalauciya ce. Ruwan saman da ya tsayar da waɗannan manyan itatuwa shi ne kuma ya daɗe yana kwashe abincin da ke cikinta.

Sai an fara da lissafin ruwa kafin a gane sauran. Milimita ɗaya ta ruwan sama lita ɗaya ce a kan kowane murabba'in mita, wato lita 10,000 a hekta. Tahoua na samun milimita 350 zuwa 400 a shekara, Yamai 500 zuwa 600, Gaya wajen 800. Kwatano na samun wajen 1,300, Abijan tsakanin 1,500 da 2,000, Duwala da Konakiri suna kusan 4,000, Monrobiya ta haura 4,000. A ƙauyen Debundscha da ke gindin dutsen Kamaru ta wajen teku, ruwan kan kai milimita 10,000. Amma yawan ruwan kaɗai bai isa bayani ba, sai an haɗa shi da abin da rana da iska ke iya shanyewa. A Tahoua rana da iska na iya busar da fiye da milimita 2,000 a shekara, ninki biyar na abin da ke sauka. A bakin teku, inda gajimare ke rufe rana kuma iska ta ƙoshi da raɓa, abin da ke tashi bai cika wuce 1,200 zuwa 1,400 ba. Idan an samu ruwa 1,800 aka cire 1,300, saura 500. Wannan ragowar, lita miliyan 5 a kowace hekta, ko ta malale a bisa ƙasa ko ta nutse ta wuce saiwoyi zuwa rafuka. Ba ta tafiya hannu sake.

Abin da take tafiya da shi su ne sinadaran da ke narkewa da sauƙi: kalsiyam, magniziyam, potasiyam, da nitrojin da shuka ba ta kai ga sha ba. Da zafi da danshi suka haɗu duk shekara, dutse da kansa ruɓewa yake yi. A wurare da dama a kudancin Kodibuwa da Gini sai a haƙa mita 10, 20 ko fiye kafin a taɓa dutse mai rai. Har sinadarin da ke riƙe jikin dutsen a hankali yake zarewa, a bar abin da ruwa ya kasa ɗauka: tsatsar ƙarfe, wadda ke ba ƙasar launin ja ko ɗorawa, da alminiyam, da yashi, da wani farin yumɓu mai rauni wanda ba ya iya riƙe taki sosai. Ƙasar kurmi tamkar ganyen shayi ce bayan an sha na uku: ganyen na nan cike da buta, amma ƙarfin ya riga ya fita. Inda wankin ya kai maƙura, alminiyam ne ke taruwa har ya zama ma'adani. Wannan ma'adani, wato boksit ɗin da Gini ke haƙowa a Sangaredi, Boke da Kindia ana lodawa a jiragen ruwa, ragowar ƙasa ce da ruwan sama ya gama da ita.

To me ke ciyar da itacen da ya kai mita 40 ko 50 a irin wannan ƙasa? Daji ne ke ciyar da kansa. Kowace hekta ta cikakken kurmi na zubar da busasshen ganye da ƙananan rassa wajen tan 8 zuwa 12 a shekara. A Adar karan hatsi kan kwana a gona tun kaka har bazara, in dabbobi da gara ba su taɓa shi ba. A kurmi ganye ba ya daɗewa haka: gara, tana, tururuwa da fumfuna suna gamawa da shi cikin ƴan watanni. Wanda ya sa hannu ya yaye ganyen da ke ƙasa zai tarar da wata baƙar ƙasa mai laushi da ba ta wuce faɗin yatsu uku ko huɗu ba, fararen zaruruwan fumfuna sun ratsa ta, ƙananan saiwoyi sun saƙe ta har sai an ja da ƙarfi kafin ta rabu. Da an ƙara tona kaɗan sai jar ƙasa. Yawancin saiwoyin da ke ci suna cikin santimita 20 zuwa 30 na sama, suna cafke abinci da zarar ganye ya ruɓe, kafin ruwa ya riga su. Shi ya sa manyan itatuwan kurmi irin su rimi ke fitar da faffaɗan fukafukai a gindi, don saiwar da ba ta yi zurfi ba tana buƙatar madogara. Gawo da aduwa a ƙasarmu suna nutsa saiwa ne neman ruwa. Itacen kurmi ruwa ba ya damunsa, haske yake nema, don abin da ke isowa ƙasa ta cikin rassa bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na hasken rana ba. Daga nan ne tsayi ya samo asali, da igiyoyin da ke hawa jikin wasu, da tsirran da ke zaune a kan reshe ba su taɓa ƙasa ba. Ganyayen da yawa suna da santsi da ɗan tsini a baki don ruwa ya zube da wuri, kada fumfuna ta kama su. Wanda ke Abijan bai buƙatar tafiya mai nisa don ganin wannan, dajin Banco na cikin birnin.

Idan aka sare dajin aka ƙone, toka na zuba wa ƙasa abin da itatuwa suka tara shekaru da yawa a lokaci ɗaya, tana kuma rage tsami. Shekarar farko masara, doya da ayaba sukan yi kyau har mai gona ya ɗauka ya tsinci dami a kala. Shekara ta biyu sai a ga ragi, ta uku ko ta huɗu sai rogo kaɗai ke jurewa. Manoman da suka gaji wurin sun san haka, shi ya sa a da suke barin gona ta huta shekara 10 zuwa 15 har daji ya mayar da ita. Yanzu mutane sun yi yawa, hutun ya koma shekara 2 ko 3, wani wuri ma babu. Abin da ke biyo baya shi ne tofa, wadda saiwarta ke ratsa rogo da doya, da wani ciyayi mai saurin mamaye gona wanda a Kodibuwa ake kira Seku Ture, a Gana kuma Acampong. Kodibuwa, wadda ake ƙiyasta tana da kurmi hekta miliyan 16 a farkon ƙarni na 20, yau abin da ya rage mata wajen miliyan 3 ne, kuma babban dalili shi ne manoman koko sun riƙa bin sabon daji duk lokacin da tsohuwar gona ta gaji.

Sannan ga zaizaya. Masu bincike na Faransa sun yi shekaru suna auna ta a Adiopodoume kusa da Abijan. A ƙarƙashin daji, ƙasar da ruwa ke kwashewa ba ta kai tan ɗaya a hekta a shekara ba. A fili tsirara mai ɗan gangare, sai ta kai tan gommai, wani lokaci ta haura 100. Kuma wadda ke fara tafiya ita ce baƙar nan ta sama. Saboda haka share gona da katafila, a ture kututture da ƙasar sama a tara a gefe, ɓarna ce da ba ta gyaruwa cikin rayuwar mutum ɗaya. Sara da hannu, a bar kututture da ganye a wurin, ya fi jinkiri, amma gonar na daɗewa.

Batun tsami shi ne inda baƙo ya fi yin asarar kuɗinsa. Ana auna shi da ma'aunin pH: 7 tsaka-tsaki ne, abin da ya yi ƙasa da haka tsami ne. Ƙasar kurmi mai yawan ruwa takan tsaya tsakanin 4 da 5. Da ta sauka ƙasa da 5.5, musamman ƙasa da 5, alminiyam na fara narkewa ya zama guba ga saiwa. Alamarsa a bayyane take idan aka tumɓuke masara: saiwoyin gajeru ne, masu kauri, bakinsu ya yi ruwan ƙasa, ba su da gashi. Irin wannan masara takan yi yaushi bayan kwana biyar ba ruwa, a ƙasar da ake ruwa kamar da bakin ƙwarya. Matsala ta biyu ita ce fosforas. Tsatsar ƙarfe da alminiyam suna kama shi su riƙe gam, har mutum ya watsa buhun NPK 15-15-15 amma ganyen ƙaramar masara ya yi shuɗi-shuɗi mai ja, alamar yunwar abin da aka zuba mata jiya.

Maganin tsami garin farin dutse ne, irin dutsen da ake yin siminti da shi a Malbaza, kuma wanda ake kira dolomi ya fi don yana ɗauke da magniziyam. A yawancin gonaki tan 1 zuwa 2 a hekta, wato buhu 20 zuwa 40 masu kilo 50, ya isa ya kashe gubar alminiyam. Ana watsa shi a gauraya da ƙasa zurfin santimita 15 zuwa 20, mako 3 ko 4 kafin shuka. In an bar shi a sama ba ya sauka da wuri. Burin shi ne a kai pH wajen 5.5, ba 7 ba. Wanda ya zuba da yawa zai rufe wa shuka wasu ƙananan sinadarai kamar zinki da boron, ya kuma yi asarar kuɗi. Bayan shekara 3 ko 4 sai an sake, don ruwa bai daina wanki ba. Kuma takin zamani da kansa na ƙara tsami: kowane kilo 100 na uriya na buƙatar wajen kilo 80 na farin dutse kafin a goge tsamin da ya bari.

Yadda ake sa takin ma ya bambanta. Uriya ba a zuba ta gaba ɗaya, don mamakon ruwa na dare ɗaya na iya wucewa da rabinta. Ana raba ta kashi 2 ko 3: kaɗan a lokacin shuka, sauran a mako na 3 da na 6, a rufe da ƙasa. Fosforas kuwa akasin haka ne, ana sa shi sau ɗaya, a rami ko a layi, santimita 5 daga iri, don ya haɗu da ƙasa kaɗan kada ta kama shi duka. Manomin da ya saba da sa ɗan taki a gindin hatsi, kamar yadda aka gwada a Sadore kudu da Yamai, ya riga ya san rabin wannan darasi. Ya kamata ma a faɗa cewa jigawarmu ba ta tsira daga tsami da ƙarancin fosforas ba, ita ma sau da yawa pH ɗinta na wajen 5. Bambancin shi ne ruwanmu kaɗan ne, kuma kowane hunturu ƙura na sauke mana kalsiyam da potasiyam kyauta daga hamada, ƙurar da ke raguwa sosai kafin ta isa teku. Wani abin sha'awa, garin dutsen fosfat na yankin Tahoua, wanda ke jinkirin narkewa a busasshiyar ƙasa, ya fi saurin aiki a ƙasa mai tsami da danshi.

Takin gida, wanda shi ne ƙashin bayan tassa da rabin-wata, ramukan tara ruwa a gonakin Adar, yana wuya a kurmi. Ƙudan tsando ba ya barin shanun Azawak su zauna lafiya, sai ƙananan shanu masu jure sammore irin su Ndama da Muturu, kuma ba su da yawa. Abin da ke maye gurbinsa shi ne kashin kaji daga gidajen kiwo na gefen birane, da ganye. A rufe ƙasa da ciyawa da ɓawon koko, a shuka waken mukuna ya lulluɓe gona ya kashe tofa kamar yadda manoman kudancin Benin suka rungume shi tun ƙarshen shekarun 1980, ko a jera itatuwan gilirisidiya layi-layi tazarar mita 4 a riƙa sare ganyensu ana zubawa tsakanin layuka. Dabarar ma ta juye: mu muna haƙa rami don tara ruwa, su suna tada kunya da tudu don saiwa ta tsere masa.

Daga nan za a gane dalilin da ya sa arzikin noman bakin teku ya tsaya a kan itatuwa. Kwakwar manja, roba da goro suna rufe ƙasa duk shekara, suna zubar da ganye, suna jure tsami. Kwakwar manja ana dasa ta tazarar mita 9 a jerin kusurwa uku, itace 143 a hekta, tana son ruwa wajen milimita 2,000 da ya rarrabu cikin shekara, kuma yunwarta ta potasiyam ce. Rogo da abarba suna yi ko da pH ya sauka 4.5. Koko ya fi su zaɓe. Ba ya son rani ya wuce wata 3, amma kuma ba ya son ƙasar da aka wanke ƙwarai, kuma danshi mai yawa na jawo masa ciwon da ke baƙanta ƴaƴansa. Shi ya sa a Gana mafi kyawun ƙasar koko ba a kusurwar Axim mai yawan ruwa take ba, tana can ciki, a dajin da ke zubar da wani ɓangaren ganyensa da rani, wajen Kumasi. Goron da fataken Hausa suka yi ƙarnuka suna ɗaukowa ta Salaga a ƙasar Gwanja daga wannan dajin yake fitowa.

Albasa kuwa labarinta ya nuna iyakar kurmi. Tana son sanyin dare don ta yi ganye, sannan busasshiyar iska don kai ya ƙosa, wuya ya bushe, ɓawo ya rufe. Galmi, Madaoua da Tamaske suna da wannan daga Nuwamba zuwa Maris. A Abijan danshin iska na zama kashi 80 cikin ɗari ko fiye kusan duk shekara: ganye na kamuwa da fumfuna, wuya ba ya bushewa, kuma albasar da za ta yi watanni a rudu a nan takan fara ruɓewa ko tsiro cikin ƴan makonni a can. Ɗan kasuwar da ya loda albasar da ba ta gama shan iska ba, ko ya rufe ta da tampol ba mashigar iska, asara ya saya. Haka masara da gyaɗa: sai danshin ƙwaya ya sauka wajen kashi 13 ga masara, ƙasa da 10 ga gyaɗa, kafin a zuba a buhu, in ba haka ba fumfuna mai guba ta shiga.

Sai dai bakin teku ba iri ɗaya ba ne, kuma hanyar da ƴan Nijar suka fi bi ita ce ta fi ɓoye kurmi. Daga Akra zuwa Lome har Kwatano daji ya tsage, filin ciyawa ya sauko har gaɓa, ana ma ganin kuka kusa da teku. Akra na samun milimita 750 zuwa 800 kacal, kusan daidai da Gaya. Dalili biyu ne: a wannan yanki gaɓar ta miƙe kusan daidai da hanyar iskar damina, iskar na bin gefenta maimakon ta hau tudu ta zubar da ruwa, sannan daga Yuli zuwa Satumba ruwan sanyi na tasowa daga ƙarƙashin teku ya hana hadari haɗuwa. A watan Agusta, lokacin da damina ta kankama a Tahoua, su suna cikin ɗan gajeren raninsu, tsakanin babbar damina ta Afrilu zuwa Yuli da ƙaramar ta Satumba zuwa Nuwamba. Wannan sauƙin ruwa ne ya sa jar ƙasar tuddan kudancin Benin da Togo ba ta wanku kamar ta Laberiya ba har take ɗauke da ɗimbin jama'a, ya kuma sa ake iya noman ƙananan albasa a yashin Anloga ta Gana da Grand-Popo ta Benin da takin kaji da ban ruwa. Gindin dutsen Kamaru shi ma daban ne: duk da ruwan da ke zuba, ƙasar sabuwa ce daga aman wuta, ba ta tsufa ba, shi ya sa manyan gonakin ayaba suka zauna a wurin.

A bakin ruwan kansa, bayan yashin da kwakwa ke so, akwai laka inda ruwan kogi ke haɗuwa da na gishiri. Nan ne dajin mangurob, wanda mafi girmansa a Afirka yake inda kogin Isa, wanda ya ratsa Yamai, ke shiga teku a kudancin Najeriya. Lakar ba ta da iska, don haka wani nau'in itacen ke tsayawa a kan saiwoyi masu kama da ƙafafu, wani kuma ya turo dubban ƙananan tsinkaye sama don numfashi. Wannan laka na da tarko. Tana ɗauke da sinadarin farar wuta haɗe da ƙarfe, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai idan an tona. Muddin tana cikin ruwa, lafiya lau. Da an datse ta an bar ta ta bushe, iska ta shiga, sai ta haifar da ruwan tsami mai ƙarfi, pH ya faɗo ƙasa da 3.5, ɗigo-ɗigon rawaya su fito a jikin ƙasa, ruwan magudana ya yi ja, kifi ya mutu, shinkafa ta ƙone. Balanta na Gini Bisau, Baga na Gini da Jola na Kasamans a kudancin Senegal sun daɗe da sanin sirrin: suna gina ganuwar laka, su tada manyan kunyoyi, su bar ruwan farkon damina ya wanke gishiri ta ƙofofin da suke buɗewa lokacin da teku ta janye, wasu kuma su sake shigo da ruwan gishiri da rani don kada lakar ta bushe.

Ga wanda zai karɓi aron gona ko ya sayi fili a can, kallon ganye bai isa ba. A haƙa rami zurfin mita ɗaya a wurare 3 ko 4. A duba kaurin baƙar ƙasar sama, in bai kai santimita 10 ba an riga an ci gonar. Ja ko ruwan ƙasa mai kama ɗaya har ƙasa na nuna ruwa na wucewa, toka-toka mai ɗigon tsatsa kuwa na nuna ruwa na kwanciya wata da watanni. Farin yashi tas wanda rafin kusa da shi ke da baƙin ruwa, a bar shi. A kuma lura da wani jan yumɓu mai dabbare-dabbare da ke yankuwa da sauƙi yana da danshi: idan zaizaya ta tone shi, rana da ruwa suka yi ta musaya a kansa, yakan daskare ya zama marmara, ba ya komawa. Marmarar da ta rufe kan tuddan Adar da waɗanda ke ƙetaren kogi a Yamai ta wannan hanya ta samu, a zamanin da wannan yanki ke samun ruwa fiye da na yau. Idan marmara ko tsakuwarta ta fito kafin a kai zurfin santimita 60, koko da roba ba za su yi ba. Daga ƙarshe a ɗebi ƙasa daga wurare 15 zuwa 20 na gonar, zurfin santimita 20, a gauraya a cikin bokiti mai tsabta, a shanya a inuwa, a kai rabin kilo ɗakin gwaji a auna pH da fosforas kafin a biya kuɗin buhun taki ko ɗaya.